Ranar da Abang Baharom Ya Kai Mu Ƙauyen Haya

Duk gidan da Allah Ya ba ɗa irin wana Baharom, to sun huta da sayen rediyo. Mutum ne da bakinsa ke riga motarsa shigowa gari. Shi ne ya haƙa tafkin tarwaɗa a bayan gidansa na Seremban, ya ce shi zai ciyar da jihar nan da kifi. Ruwan sama ɗaya aka yi mai ƙarfi, tarwaɗa suka bi kwata, aka wayi gari ana tsintarsu a harabar masallacin unguwa. Shi ne kuma ya yi odar awaki daga ƙetare, suka cinye furannin maƙwabta kaf kafin su mutu da mura. Amma je ka tambaye shi, zai ce maka bai taɓa faɗuwa ba, ƙasar ce ba ta waye ba tukuna.

Ni ce Halijah, autarsu. Ni nake zaune da mahaifiyarmu, Mak Saodah, a ƙauyenmu da ke bayan Kuala Pilah. A wajenmu ƙasar gado ta mata ce, daga uwa sai 'ya, saboda haka gidan katakon nan namu da lambun da ya gangara har bakin rafi duk a hannun Mak suke. A lambun akwai itatuwan duriyan, wani ƙaton ɗan itace mai ƙaya, ga zaƙi ga ɗan karen wari, waɗanda mahaifinmu ya dasa da hannunsa kafin a haife ni. Abang Baharom, wato Yaya Baharom, ba shi da ikon cire ko ciyawa a wurin sai Mak ta dangwala yatsa.

Yatsan nan ya zo nema ran wata Juma'a. Ko zama bai yi ba, ya tsaya a baranda yana nuna lambu da makullin mota.

"Mak, zamani ya juya! Mutanen birni yanzu ƙauye suke nema ido rufe. Su kwaso 'ya'yansu ranar Asabar, su zube kuɗi, su kwana a ɗakin katako, su ji carar zakara, su koma suna godiya. Ƙauyen hutu ake ce masa. Mu ga na gaske a hannunmu, mun zauna a kai muna hamma. Can za a jera ɗakuna. Nan wurin cin abinci. Can ƙasa kuma wurin ninkaya."

Na ce, "Can ƙasa ai itatuwan baba ne."

"Za a sare."

"A sare me?"

"Ke Jah, ba da ke nake ba. Ke tunaninki bai taɓa wuce bakin murhu ba."

Mak tana zaune tana ɓarar albasa, ba ta ko ɗago kai ba. Can ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin ƙauyen da ake haya ba. Kai ni in gani da idona. In ya yi mini, in dangwala maka. In bai yi ba, kada in ƙara jin zancen nan a bakinka."

Mak mace ce mai kaifi, amma in aka zo kan ɗanta na fari sai ta yi laushi. Ita ta sayar da awarwaronta lokacin tarwaɗa. Na duba itatuwan nan, na ji kamar har na ga katafila a gindinsu.

Asabar ta zagayo, sai ga shi da ƙaramar bas ta haya, da matarsa Kak Normala, da 'ya'yansu, kowa sanye da riga ruwan ɗorawa mai ɗauke da hoton fuskar Abang yana dariya, a ƙasa an rubuta sunan ƙauyen hutun da ko harsashi ba a haƙa masa ba. Ya bugo riguna jaka guda, wai na talla. Ya miƙa wa Mak tata.

Ta juya ta, ta mayar masa. "Ni na haifi fuskar nan, ba sai na rataya ta a ƙirji ba."

Maƙwabta sun fito kallo. Nan Mak ta sa na jawo mata buhun duriyan da suka faɗo da asuba.

Abang ya rage murya. "Mak, ba a shiga da duriyan wurin nan. Doka ce."

"Wane irin ƙauye ne ke hana duriyan? Ni tunda nake ban taɓa zuwa garin mutane hannu rabbana ba. Me zan miƙa wa maƙwabta in na je gaisuwa? In ba za a tafi da shi ba, ni ma na fasa."

Tsohon maƙwabcinmu Pak Leman ya leƙo ta kan shinge yana washe giɓi. "Baharom, ashe akwai dokar da ta fi ƙarfinka?"

Shi ke nan, an taɓa masa inda yake ciwo. "Wa ya ce? Wannan doka ta ƙananan mutane ce! Manajan wurin ai yarona ne, ni na koya masa aiki." Ya zazzage kayan babban akwatinsa, ya naɗe kowane duriyan da rigunan tallan nan, wai su tare ƙaya su tare wari, ya danna ya zuge.

Wurin yana bakin teku, can wajen Port Dickson. A ƙofa akwai allo mai hoton duriyan an ja masa jan layi, da gargaɗin tara. Manajan da Abang ya ce yaronsa ne, wani siririn saurayi mai suna Khairil, sai da ya tambaye shi sunansa sau biyu, sannan ya ce ya maimaita masa harafi-harafi. Aka ɗaura wa kowa wani awarwaron roba a hannu.

Mak ta duba nata. "Irin wannan aka ɗaura mini ranar da aka yi mini aikin ido. Yanka mu za a yi?"

"Shaida ce, Mak. Da wannan, komai na wurin nan naki ne. Ci, sha, wasa, duk an biya!"

Ɗakunan daga waje sak gidan kakanmu, katako a kan dirkoki, da rufin ganye. Mak ta miƙa hannu ta taɓa ganyen, ta murza, ta sunsuna. Roba ne. A ciki kuwa sanyin esi kamar ɗakin ajiye gawa, ga talabijin ya cinye bango guda. Muna tsaye sai zakara ya yi cara, da la'asar sakaliya. Jim kaɗan ya sake, irin ta ɗazu ba ƙari ba ragi.

"Zakaran nan ba shi da lafiya," in ji Mak. "Ina yake?"

Na nuna mata lasifika a maƙale jikin kwakwa.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta gyara zanenta ta ce a buɗe akwati, za ta shiga maƙwabta.

Abang ya tare ƙofa. "Haba Mak! Nan ba a gaisuwa. Mutane sun biya kuɗi ne don kada kowa ya dame su."

"A ƙauye?"

"A ƙauyen hutu."

Ta ture shi ta fita, ba duriyan, ni kuma na bi ta. Ɗaki na farko ta yi sallama, aka leƙo ta labule aka saki. Na biyu aka ƙara wa talabijin murya. Na uku ne aka buɗe. Wata hamshaƙiya ce daga Kuala Lumpur, Datin Rozita, da tabarau a saman goshi. Ta dubi Mak daga sama har ƙasa, da doguwar rigarta da zanen atamfa da mayafi, kayan da ma'aikatan wurin ma irinsu aka ɗinka musu.

"Yawwa Makcik, tun ɗazu nake kira! Ga su nan, a kawo busassu." Makcik, wato gwaggo, haka ake kiran kowace dattijuwa a wajenmu. Ta jibga wa Mak jiƙaƙƙun tawul a hannu, ta rufe ƙofa.

Ni na ɗauka Abang zai je ya tayar da ƙura an wulaƙanta uwarsa. Ina! Sai ma ya kama tafa hannu. "Kin gani ko, Mak? Ko kwana ba ki yi ba kin dace da wurin!"

Da magariba aka tafi cin abinci, irin wanda kowa ke zuba wa kansa. Nan Abang ya zama soja. Ya tsaya a kan yara yana loda musu. "Ku bar shinkafa, akwai ta a gida! Jatan lande za ku ci, shi ne mai tsada. Kai, wa ya ce ka sha ruwa? Ruwa cika ciki yake!"

"Abang, yaron nan zai yi amai," in ji Kak Normala.

"Ya yi ya dawo. An biya."

Mak ta ɗanɗana miyar kwakwa da barkono, wadda aka rubuta wai irin ta garinmu ce. Ta ajiye cokali. "Miyar nan daga nesa aka nuna mata barkono." Farar shinkafa ta ci da gishiri.

Muna dawowa, tun daga nesa muka ji abin da muka shuka. Abang ya tura akwatin ƙarƙashin ɗaki, zafin yini ya dafa shi, wari ya tashi ya bi layi ɗaki-ɗaki. Mutane sun fito baranda suna ɗaga hanci. Datin Rozita tana tsaye da hankici a fuska tana yi wa Khairil ruwan masifa, shi kuma da masu gadi biyu suna bin ɗakuna suna sunsune.

Mai hankali sai ya shige ɗaki ya ja bakinsa. Abang Baharom gaba ya shiga.

"Ku ba ni wuri! Ni a gindin duriyan aka yanke mini cibiya, hancina ba ya kuskure. Wannan rashin tarbiyya ne, mutum ya zo wuri mai daraja ya karya doka. Ku biyo ni!"

Ya ja su nesa da ɗakinmu. Ya kai su wurin ninkaya, ya kai su bayan kicin, ya sa suka buɗe but ɗin motar wani bawan Allah ɗan Melaka. Jama'a suka bi bayansa zuga guda. Da ya rasa inda zai sauke su, sai ya zo ya ja birki a gaban ɗaki na uku, ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi.

"Nan ne."

"Ɗakina?" in ji Datin.

"Ni ban ce ke ba ce, ranki ya daɗe. Hanci ne ya ce."

"Kai wane ne? Ka san wa kake yi wa magana? Ni da na kawo ƙara ni ce ɓarauniya?"

"Sau da yawa mai kawo ƙara..."

Bai ƙarasa ba ta cire takalmi. Da ƙyar Khairil ya shiga tsakani. Aka bincike ɗakin baiwar Allah har ƙarƙashin gado, ba a sami ko ƙaya ba. Aka watse a kan gobe za a ci gaba, Datin tana rantsuwa sai ta ga bayan mai rigar ɗorawa.

A ɗaki Abang ya dube ni da Kak Normala. "Ku biyu za ku ɗauke akwatin nan ku kai bakin teku."

"Ni ba dako na zo yi gidanka ba," in ji Kak Normala.

Ni kuwa na ce, "Tunanina bai wuce bakin murhu ba, Abang. Ina zan san hanyar teku?"

Da aka idar da sallar asuba, na hango shi yana jan akwati cikin raɓa. Ya kwance igiyar shanya, ya kai shi can ƙarshen wurin, inda suka yi 'yar fadamar shinkafa ta nuni, ya rataye shi a reshen wata ƙatuwar bishiya da ta yi wa fadamar rumfa. Ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Iska za ta kwashe warin ta kai teku. Wannan shi ake kira ilimi."

Sai kuma ya zaro usur daga aljihu. Wallahi usur, irin na alƙalin wasa.

"Kowa ya tashi! Gobe da hantsi za a karɓe makulli, yau kaɗai gare mu. Duk abin da ke cikin kuɗinmu sai mun yi shi!"

Jama'a, ni dai ban taɓa shan wuya irin ta hutun nan ba. Muka yi tuƙin kwalekwale, ya ce shi ya san teku, muka yi ta zagaye wuri guda har aka jawo mu da igiya. Ba mu bushe ba ya hura usur, sai harbin baka. Daga nan keke. Daga nan ciyar da kaji, inda ake bin layi a ba ka tsaba cikin ɗan kofi, kajin kuwa sun ƙoshi har ba sa ko kallon mutum. Tsakanin kowane biyu sai an koma an ci abinci, ko da yunwa ko babu. Ƙaramin ɗansu ya kwanta a ciyawa yana kuka, yana roƙon a mai da shi makaranta.

Kak Normala ta jingina da bishiyar kwakwa tana haki. "Abang, don girman Allah, yaushe za a fara hutun?"

"Shi muke ciki! Tashi, saura rayuwar ƙauye."

Rayuwar ƙauye a bakin fadamar nan ake yin ta, bayan azahar, kuma ita ce ta fi tara jama'a. An jera turmi da taɓarya, da abin kankare kwakwa, da faifai. Manyan mutane masu manyan motoci suna bin layi su daka shinkafa sau uku a ɗauke su hoto. Mak gwiwoyinta sun gaji, ta sami benci a gefe ta zauna. Wata yarinya ta gama hoto ta ajiye faifai da shinkafa kusa da ita. To, hannun da ya saba. Mak ba ta ma san ta ɗauka ba, ta kama bakace tana kallon wani wuri.

Kafin ka ce me, an yi mata zobe. Wayoyi ta ko'ina.

"Ku zo ku gani, yara! Haka mutanen da suke yi, lokacin ana talauci."

"Makcik, ɗan ɗago kai. Ɗan yi murmushi."

"Kai, wurin nan sun iya zaɓen ma'aikata. Dubi hannunta, kamar gaske!"

Wani ya sunkuya ya ajiye mata 'yan takardun kuɗi na ringit a cinya. Ni raina ya gama ɓaci, na yunƙura zan watsa taron, sai Abang ya riga ni kutsawa, baki har kunne.

"Jama'a, wannan ba ma'aikaciya ba ce, mahaifiyata ce! Kuma a ƙauyen da zan buɗe, kullum za a ga wannan, safe da yamma, ba ƙarin ko sisi!"

Faifai ya tsaya a hannun Mak. Ta ɗago ta dube shi.

"Ni za a gani?"

"Ke ce ma babban abin kallon, Mak!"

Ta ajiye faifan, ta ɗauke kuɗin daga cinyarta ta ɗora a kan benci. Ni na san fuskar nan, na kuma san abin da ke biyo bayanta. Shi ko a jikinsa, don a daidai lokacin aka shigo da ɓaunar huɗa cikin fadama, wata ƙatuwa baƙa mai ƙaho kamar baka, tana jan garma. Khairil ya ɗauki makirfo ya ce ko akwai mai sha'awar riƙe garma, mai kula da ita zai ja ta a hankali, taku kaɗan, a ɗauki hoto.

Abang ya fizge makirfon.

"Taku kaɗan? Ni za a ja wa ɓauna? Jama'a, ni ɗan ƙasa ne, a kunya aka haife ni! Kafin in iya tafiya na iya huɗa. Abin da ake nuna muku a nan wasan yara ne. Ku zo nawa ƙauyen ku ga na ainihi, ga araha. Malam, saki igiyar nan ka koma gefe ka koyi aiki."

Gaskiyar magana, Abang tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana. Bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma har gobe in dinya ta miƙo wuya sai ya haye baranda. Na ce, "Abang, rufa wa kanka asiri."

"Ke dai ɗauki hoto."

Ya tuɓe riga da wando ya ɗaura zane, ya kifa hula kamar manomi, ya shiga taɓo har gwiwa. Mai ɓaunar ya ce kada ya naɗa igiya a hannu. Ya naɗa ta sau uku, ya ƙulle. Ya daka tsawa. Ɓauna ta ci gaba da tuƙa. Ya sake dakawa, ya ɗaɗa mata tafi a gindi. Ta kaɗa kunne ta kori ƙuda. Mutane suka fara ƙyalƙyala.

"Nazarina take yi," in ji shi. "Dabba tana gane ubangida."

Sai muka ji hayaniya a sama. Kowa ya ɗaga kai. Birai ne, garke guda, sun cika bishiyar nan, sun taru a kan wani akwati da ke lilo a reshe. Wani babba ya sa haƙori a zif ya ja.

Duriyan na farko ya faɗo cikin taɓo, fal! Na biyu a gaban hancin ɓauna. Na uku, da ƙayarsa da komai, a tsakiyar gadon bayanta.

Wayyo Allah! Ban san ɓauna na gudu haka ba. Ta yi wani kuka ta zabura, garma ta yi tsalle gefe, Abang ya bi bayanta a kan cikinsa kamar buhun da aka ɗaura wa babur. Ta kai shi ƙarshen fadama ta juyo. A zagaye na farko ya rabu da hula. A na biyu ya rabu da zane. Yana ihu yana shan taɓo: "Ku riƙe ta! Jah! Normala! Ku kira sojoji!" Mai ɓaunar yana bin su da gudu, yara suna tafi sun ɗauka cikin shirin ne, wayoyin da ke kan Mak duk suka koma kansa.

Sama kuma ruwan duriyan bai tsaya ba, kowane ɗaya naɗe da riga ruwan ɗorawa. Birai suna ɓarewa suna wurgo rigunan. Wani ɗan biri ya zura kansa cikin guda, ya bi reshe da gudu, fuskar Abang tana dariya a bayansa. Warin da aka kwana ana nema ya rufe wurin.

Datin Rozita ta sa yatsu biyu ta ɗaga riga ɗaya daga ƙasa, ta buɗe ta sosai yadda kowa zai gani.

"Ashe ga mai hancin da ba ya kuskure!"

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Mutumin Melaka da aka buɗe wa but yana cewa a bar shi da shi. Da ƙyar aka tare ɓauna aka yanke igiya. Abang ya miƙe daga shi sai gajeren wando, taɓo tun daga gashi har ƙafa, ido biyu kawai ake gani. Khairil ya zo da ladabinsa ya ce akwai tara, akwai kuɗin garma, kuma ana roƙon mu bar wurin kafin magariba.

Kun san me wana ya yi? Ya tofar da laka, ya juyo wajen Mak, ya buɗe hannuwa.

"Mak, kin dai ga jama'a ko? Kin ga yadda suke murna? To wannan duk talla ce! Gobe ƙasar nan kaf za ta san sunana. Yanzu abin da ya rage kawai ki dangwala..."

Mak ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har ana jin birai na tauna.

"Na gani, Baharom. Na ga bayin Allah da ba su da gidan uwa da za su je, sun zo suna sayen na roba. Su ban ga laifinsu ba, tausayi ma suka ba ni. In ɗan kwana biyun nan ne zai sa su zauna da 'ya'yansu, to kuɗinsu bai faɗi ba. Amma kai kana da na gaske, da uwar a ciki da ranta, kuma rabonka da kwana a cikinsa tun ranar da muka binne ubanku. Kullum a tsaye kake shan shayina. Yanzu kuma so kake ka sare itatuwansa, ka zaunar da ni baƙi su biya su kalle ni. Yatsana yana nan a hannuna, da shi za a binne ni."

Tunda nake da Abang Baharom, ranar na fara ganin ya buɗe baki magana ta ƙi fitowa. Ni kuwa da na zo da shirin yin guɗa in ya faɗi, sai na ji idona ya cika. Lambu ya tsira, amma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Datin Rozita ta yar da rigar. Ta matso a hankali, ta kama hannun Mak da hannu biyu ta kai goshinta. "Makcik, ki yafe mini zancen tawul." Mak ta ce ba komai, ta sa na tsamo mata duriyan guda da bai fashe ba, ta goge shi da gefen zane ta miƙa mata. Muna loda kaya na hango Datin a tsugune bayan motarta ita da direbanta, ta cire tabarau, tana ci da hannu bibbiyu.

Da muka isa gida Abang ya ce sauke mu kawai zai yi ya wuce Seremban, yana da taro da manyan mutane. Ya zo fitowa daga mota, baya ya ƙi miƙewa. Mak ba ta ce masa zauna ba, ba ta ce masa tafi ba. Ta shiga ɗakinsa na da, ta kakkaɓe tabarma, ta rataya gidan sauro.

Da safe na fito da shayi na same su a baranda. Yana kwance rub da ciki, Mak tana shafa masa man zafi a baya, Pak Leman ya jingina da shinge yana saurare.

"Ai ɓaunar nan, Mak, mahaukaciya ce, kowa ya sani a wurin. Mutum biyu ta kashe bara, ɓoyewa suka yi. Da wani ne ba ni ba, da yanzu ana zaman makoki. Ni da gangan na bi ta a ƙasa, in gajiyar da ita. Dabara ce ta mutanen da."

"Haka ne," in ji Mak. "Juyo nan gefen."

"Kuma zancen ƙauyen nan, ni dama na riga na fasa tun a hanya. Wurin nan ya fi ƙarfin 'yan birni."

"Haka ne."

Na buɗe baki zan tanka, Mak ta ɗago ta harare ni, na haɗiye. Har rana ta take yana zuba mata ƙarya, ita kuma ko sau ɗaya ba ta katse shi ba.